Idan an daki motarka ta baya a Kano: kurakuran da ke sa haƙƙi ya salwanta

Da yammacin wata Alhamis ina tsaye a danja a Titin Zariya, sai na ji gam! daga baya. Kaina ya yi baya ya dawo. Kafin in kwance bel, wanda ya dake ni ya iso bakin taga yana cewa, "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri, birki ne ya ƙi." 'Yan adaidaita sahu suka taru, kowa na faɗin "Allah ya tsare gaba." Na leƙa bamba, na ga 'yar lotsawa ce, na ce ba komai, na yafe. Ko lambar motarsa ban ɗauka ba. Washegari wuyana ya ƙi juyawa, but ɗin motar kuma ya ƙi rufuwa.

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma kusan kowa ya taɓa yin sa: yafiya tun mutum bai san abin da yake yafewa ba. Yafiya alheri ce, ba na musu. Amma a lokacin da aka yi karo jiki a ɗumame yake, tsoro da firgici suna danne ciwo. Fizgar da wuya ke yi gaba da baya tana taɓa jijiyoyi da tsokoki, kuma sau da yawa sai bayan awanni, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, za a fara jin sandarewar wuya, ciwon kai daga ƙeya, jiri, ko ɗaurewar hannu. Mota ma haka take. Bamba roba ce, tana lotsawa ta dawo, ƙarfen da ke bayanta kuwa ya riga ya lanƙwashe. Gyaran kuskuren nan mai sauƙi ne. Ka ce, "Malam, babu faɗa tsakaninmu, amma bari likita da bakanike su duba tukuna." Ka karɓi lambar wayarsa, ka kira ta nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa.

Sai gaggawar janye motoci. A Kano cunkoso ba ya jira, ana ta hon, 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci suna cewa a matsa. A matsa ɗin, amma minti ɗaya ya isa ka ɗauki hoton yadda motocin suke tsaye, da lambobinsu, da sawun taya a kwalta, da takardar inshorarsa da lasisinsa. Ka nemi mutum ɗaya da ya gani da idonsa, ko mai shago ne a gefe, ka karɓi lambarsa. Idan akwai rauni, 122 ce lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, kuma a kai rahoto sashen kula da haɗurran mota na 'yan sanda, domin kamfanin inshora zai nemi rahotonsu.

Akwai maganar da ake yi a gareji kamar aya: wanda ya daki baya shi ne da laifi. Galibi haka ne, domin wajibi ne na baya ya bar tazarar da zai iya tsayawa ko da na gaba ya taka birki kwatsam, kuma "birki ne ya ƙi" ba ya wanke mutum, kula da birki aikin mai mota ne. Sai dai ba kullum ba. Idan na gaba ribas ya yi, ko fitilun birkinsa a mace suke, ko ya yanko layinka ba sigina ya tsaya ɗaukar fasinja, laifin na iya rabuwa ko ya koma kansa. Haka idan motoci uku suka jeru, na tsakiya wataƙila turo shi aka yi. Don haka kai na baya, ka tausaya, ka taimaka a kai asibiti, amma kada ka rubuta cewa ka ɗauki laifi duka saboda taro ya yi maka ca.

Inshora kuwa, da yawanmu mun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida naira 15,000 daga 5,000, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ba motar mai takardar take gyarawa ba, ta wanda ya daka take gyarawa, kuma tana ɗaukar raunin jiki. Wato kai da aka daka, kamfanin inshorar wancan ne zai biya ka. Abin takaici, takardun bogi sun yi yawa, irin waɗanda ake haɗa wa mutum a gindin bishiya. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID, ta waya a ga ko inshorar ta gaske ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, masu lasisi.

Kada ka ruga Ƙofar Ruwa ka sayo bamba da fitila, fanal bita ya buge ya fesa fenti, sannan ka je neman kuɗi. Kamfani na son ganin ɓarnar da kiyasin gyara a rubuce kafin a taɓa motar, kuma a sanar da shi da wuri.

Batun ciwo kuma, a nan aka fi cutar kai. Mutum ya sayi maganin shafawa a kemis, ko ya je a murɗa masa wuya wajen mai ɗori, alhali ba a san ko ƙashi ya taɓu ba. Je asibiti a ranar, ko na Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na Ƙashi da ke Dala, ka faɗa wa likita ƙarara cewa haɗarin mota ne don ya shiga kati da kwanan wata. Ka adana kowane rasit, na magani da na hoto, ka rubuta kwanakin da ba ka fita kasuwa ko ofis ba. Idan sai bayan mako uku ka je, za a ce ciwon daga wani wuri ka samo shi.

In an zauna sulhu, a rubuta: nawa ne, yaushe za a biya, na mota ne kaɗai ko har da magani, shaidu biyu su sa hannu. Idan raunin babba ne, kada ka sa hannu a takardar da ta ce magana ta ƙare sai lauya ya karanta maka ita, kuma likita ya faɗi inda jinyar ta dosa.