Bikin cika kwana 100 a aji: inda malamai ke tuntuɓe

A Kamaru ana komawa makaranta a farkon Satumba. In aka ƙirga ranakun karatu kaɗai, ban da ƙarshen mako da hutun Kirsimeti, rana ta 100 takan faɗo a farkon Fabrairu. A Amurka da Faransa 'yan firamare na yi wa ranar ɗan biki, kuma ba abin da zai hana malamin SIL ko CP, wato aji ɗaya ko aji biyu na firamare, a Marwa ko Garwa ya yi nasa. Sai dai bikin aji a wajenmu yana da wuraren da yakan lalace.

Na farko, a tashi ran nan a ce wa yara yau kwana 100, alhali ba su taɓa ƙirga ko ɗaya ba. Me ya dame su da ita? Tun ranar buɗe makaranta ya kamata a ajiye gwangwani a kan teburin malam, kullum da safe yaro ɗaya ya jefa tsinke. In sun kai goma a ɗaure da zare. Ran da aka ɗaure dami na goma, yaran da kansu za su yi ta ihu, "Malam, ɗari ta cika!" Wanda ya makara bana, ya ƙirga kwanakin da suka wuce tare da yaran, su cike gwangwanin a zama ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Da an ce biki, sai a aika wa iyaye su kawo sefa kaza na lemo da biskit, ko a ce a ɗinka anko. Uban da bai gama biyan kuɗin ƙungiyar iyaye ba, ɗansa a gida zai yini don kunya. Abin da ake buƙata yana nan zube a tsakar gida: ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, murafen kwalba, guntayen kara. Kowane benci ya kawo 100 na abu guda, su jera goma-goma a ƙasa. Gyaɗa kam a bar ta, kafin a kai hamsin ta koma talatin. Kuma a sa ido kan ƙananan, don ɗan SIL bai ƙi ya cusa ɗan tsamiya a hanci ba.

Wasan kanti ya fi komai armashi. A yanka kwali a yi kuɗin 5, 10, 25 da 50, a ce kowa ya haɗa sefa 100 ta hanyar da ya ga dama. Yarinyar da ke yi wa uwarta tallan ƙosai za ta ce dala ashirin ke nan tun malam bai rufe baki ba. Kada a kwaɓe ta don ba da Faransanci ta faɗa ba. A sa ta gwada wa sauran da kwalayen. Haka ma ƙirga: a ajin da ke da Fulani, Hausawa, Kanuri, Giziga da Mafa, kowa ya ƙirga goma da harshen gidansu, sannan a haɗu a Faransanci.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a mai da ranar ta rabon kyauta ga na ɗaya zuwa na uku, sauran su yi tafi su koma gida. Wannan yana da ranarsa, wato ranar ba da sakamako. Yau kowa ya samu aikin yi, har da wanda ke zaune can baya kusa da ƙofa.

A kuma duba kalanda. 11 ga Fabrairu ranar matasa ce, kuma makon da ke gabanta atisayen fareti ne ke cinye shi. In ranar ta faɗo ciki, gara a ɗaga zuwa bayan faretin. A fara da safe a gama kafin rana ta take, kuma in hunturu ya turnuƙe da ƙura a yi komai cikin aji.