Yadda Ake Karɓar Diyya Daga Kamfanin Inshora Idan Gida Ya Lalace A Abuja

Da zarar gobara ko ambaliya ta taɓa gidanka, ka sanar da kamfanin inshora ko dillalin da ya yi maka ita, a rubuce, tun ranar. Takardar yarjejeniyarka tana da wa'adin sanarwa, jinkiri kuma yana iya jawo a ƙi biya. Ka tabbatar ka riga ka biya duk kuɗin inshora na shekarar, domin ƙa'idar Najeriya ita ce wanda bai biya ba, ba shi da kariya.

Kada ka yi saurin share wurin. Ɗauki hotuna da bidiyo ɗaki-ɗaki, ka ajiye ƙonannun kaya. Abin da aka yarda ka yi shi ne hana ɓarnar ƙaruwa, kamar rufe rufin da ya yaye da tamfol, kana adana rasit. Idan gobara ce, nemi rahoton 'yan kwana-kwana. Idan fasa gida aka yi, rahoton 'yan sanda. Sai ka cike fom ɗin neman diyya, ka haɗa da lissafin gyara daga magini da jerin kayan da suka salwanta.

Daga nan kamfani zai turo mai ƙiyasta asara. Abu biyu zai duba: shin abin da ya faru yana cikin yarjejeniya, kuma nawa ne ɓarnar. Mazauna Lokogoma da Lugbe, inda ruwa ya sha shiga gidaje, su kula: inshorar gobara zalla ba ta biyan ambaliya ko guguwa sai an ƙara su tun farko. Tsufan gini da yoyon rufin da aka yi sakaci da shi ba a biyansu.

Wajen lissafi ne rigima ta fi tashi. Ba a duba farashin gida a kasuwa, domin a Maitama ko Gwarinpa babban kaso na darajar ma fili ne, fili kuwa ba ya ƙonewa. Kuɗin sake gina shi a yau ake dubawa. A ce sake ginin zai ci naira miliyan 60, kai kuwa inshorar miliyan 30 ka yi shekaru da suka wuce ba ka sabunta adadin ba, duk da tashin siminti da rodi. Wuta ta ci na miliyan 10. Tunda rabin darajar ka rufe, rabin ɓarnar za a biya: miliyan 5. Daga ciki kuma a cire kason da yarjejeniya ta ce mai gida ne zai ɗauka a kowace asara. Kayan ɗaki ma ana rage musu kuɗin tsufa, sai dai idan tsarin sabo a madadin tsoho ka saya. Shi ya sa arhar kuɗin shekara ba abin murna ba ce.

Idan an daidaita, za a ba ka takardar sallama ka sa hannu, sannan kuɗi su shiga asusunka. Karanta ta da kyau, don sa hannu yana nufin ka amince da adadin. Kamfani yana iya zaɓar gyara gidan da kansa. Gidan da ke kan jinginar banki kuwa, sau da yawa bankin ake fara biya. Ɗan haya ya sani inshorar mai gida gini kawai ta rufe, ban da kayan ɗan hayar.

Tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, shi ma haka matakansa suke, sai dai daga asusun gudummawar mahalarta ake biya. Idan an ƙi biya ko ana ta jan ƙafa, nemi dalili a rubuce, sannan ka kai ƙorafi hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, da ke nan Abuja, da kwafin duk wasiƙun da kuka yi musaya.