Yadda ake haɗa tesorus na kalmomin wasan allo mai taya a ɗakin karatu

Ɗalibin ilimin adana littattafai da aka ba aikin haɗa tesorus yakan ɓuge da rubuta ƙamus, alhali ayyukan biyu daban suke. Ƙamus ma'anar kalma yake faɗi. Tesorus kuwa hukunci yake yankewa: cikin sunaye uku ko huɗu da ake kiran abu guda, wanne za a riƙa liƙa wa littafi ko bidiyo, kuma wace kalma ce ke ƙarƙashin wace. Ƙa'idar da ake bi ita ce ISO 25964, wadda kashinta na farko ya fito a 2011.

Wasan allo mai taya ya dace da koyon wannan aiki. Ya taso ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, ya shiga gasar Olamfik karon farko a Tokiyo a 2021, kuma kalmominsa duk baƙi ne a kunnen Bahaushe. A Damagaram, inda rairayi ya fi kwalta yawa a lungunan Birni da Zango, an fi ganin wasan a waya fiye da kan titi. Saboda haka kalmomin na iso mana da Ingilishi da Faransanci a cakuɗe, kuma wannan cakuɗar ce tesorus zai warware.

Shata iyaka, sannan tara kalmomi

A rubuta layi biyu da ke faɗin abin da ya shiga da abin da bai shiga ba. Takalmi mai taya da keken yara na turawa da ƙafa wasanni ne daban, a bar su waje. A kuma faɗi wanda zai yi amfani da tesorus ɗin, domin kalmar da ɗalibin jami'ar André Salifou zai nema ba lalle ta zama wadda ɗan lakol zai buga ba.

Sai a tara kalmomi daga takardu da bidiyo ashirin zuwa talatin, har da dokokin gasa na hukumar World Skate. Kowace kalma a ba ta kati nata, ko layi nata a Excel, tare da inda aka tsince ta da jimlar da ta fito a ciki. Kalma 150 zuwa 200 sun isa aikin gwaji. Kada a ɗauko kalma daga kai don kawai ta yi daɗin ji. In ba ta cikin takardun ɗakin kuma babu mai nemanta, nauyi ce kawai.

Kasa su kashi-kashi

A baza katunan a tabarma ko tebur a rarraba. Kashi biyar kan wadatar: kayan wasa da sassansu, dabarun wasa, tsayuwar ƙafa, wuraren wasa, da nau'o'in gasa. Sunayen shahararrun ƴan wasa irin su Rodney Mullen da Tony Hawk, da sunayen kamfanoni, ba sa shiga ko ɗaya. Jerinsu daban ake yi, in ba haka ba tesorus ya koma littafin sunaye.

Zaɓen kalma guda ga kowane abu

Nan aikin yake da nauyi. Sunan allon kansa ma matsala ne. Bafaranshe na cewa planche à roulettes ko skate, matashi ya ce siket, ga shi kuma siket a Hausa tufar mata ce. Mafita biyu ce. Ko a zaɓi "allo mai taya" a mayar da sauran masu nuni zuwa gare shi, ko a sa mabambanci a baka, a rubuta siket (wasa) da siket (tufafi). Ta farko ta fi, don mabambanci yakan faɗi a hanya idan ana kwafe bayanai daga wata manhaja zuwa wata.

Haka ƙananan zobban ƙarfe masu ƙwallaye da ke cikin taya. Kowane allo na da takwas, biyu a kowace taya, masu lamba 608. Makaniken da ya koyi aiki da Faransanci zai ce rulma, na Kano ya ce boris. A zaɓi wadda masu karatun ɗakin suka fi faɗa, ɗayar kuma kada a yar da ita, a rubuta ta da alamar EM, wato "yi amfani da", ta nuna zaɓaɓɓiyar. A ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar kuma a rubuta EP, wato "a madadin".

A tsayar da doka tun farko kan tilo da jam'i. Tesorus na Ingilishi kan sa jam'i ga abin da ake ƙirgawa, na Faransanci kan sa tilo. A Hausa tilo ya fi sauƙi, don jam'inmu ba hanya ɗaya yake bi ba, kuma kalmar aro wani lokaci ba ta da jam'in da kowa ya yarda da shi. A tsayar da rubutu ma: Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Duk wanda aka zaɓa, a shigar da ɗayan a matsayin mai nuni, har da rubutu marar ƙugiya, domin mai nema a waya "kafa" zai buga ba "ƙafa" ba.

Ɗora wata kan wata

Alaƙa iri uku ce. TG ita ce uwar kalma, TS ƴarta, TA kuma maƙwabciya, wadda ke da dangantaka amma ba ta jini ba. Kafin a sa kalma ƙarƙashin wata, a yi mata gwajin "duk da wasu". Duk kikfilif, wato tsallen da ake shurin allo ya mirgina a iska, juya allo ne, amma wasu juye-juyen allo ne kawai kikfilif, don haka ya halatta ya zama ƴa. Taya fa? Taya ba nau'in allo ba ce, kuma mota ma na da ita. Sai a kira ta "tayar allo", a sa ta ƙarƙashin "sassan allo", a haɗa ta da "allo mai taya" ta TA.

Inda aka fi zamewa shi ne tsakanin gurza da sulɓi. Ga wanda bai san wasan ba duk ɗaya ne, mutum ya hau bakin dakali ko ƙarfe yana tafiya. Amma idan ƙarfen da ke riƙe da tayoyi ne ke gogar dakalin, gurza ce, irin wadda ake kira 50-50 ko 5-0. Idan katakon ne ke gogawa, sulɓi ne. Wanda ya haɗe su a matsayin kalma guda ya cakuɗa bidiyoyin da mai nema ke son a raba masa. Haka tsayuwa: regula ƙafar hagu ce a gaba, gufi ta dama. Ƴan uwa ne ƙarƙashin "tsayuwar ƙafa", babu wadda ta haifi wata.

Ga yadda kati ɗaya zai kasance idan ya kammala:

Oli
NE: tsallen da mai wasa ke yi tare da allo ta buga jelarsa a ƙasa, ba tare da ya kama shi da hannu ba
EP: ollie
TG: dabarun tsalle
TA: kikfilif, noli

Noli oli ne da ake yi da goshin allo maimakon jela. NE ɗin bayani ne na iyakar kalma, layi ɗaya ko biyu. Labarin cewa sunan ya fito daga laƙabin Alan Gelfand na Fulorida, wanda ya shahara da tsallen a ƙarshen shekarun 1970, a ajiye shi a filin tarihin kalma, kada ya cika katin.

Kada zurfin ya wuce hawa huɗu. Kuma kowace alaƙa a rubuta ta ta ɓangare biyu: in oli na nuna kikfilif, dole kikfilif ya nuna oli.

Gwaji da shigarwa a kwamfuta

A ba mutum biyu bidiyo ko takardu talatin iri ɗaya, kowa ya liƙa musu kalmomi shi kaɗai, sannan a gwada. Duk inda suka saɓa, a duba katin kafin a zargi mutanen. Yawanci NE ce ta yi duhu, ko kalmomi biyu ne ke faɗin abu guda.

Manhajoji irin su Opentheso da TemaTres kyauta ne, suna rubuta alaƙar dawowa da kansu, suna kuma fitar da aikin a tsarin SKOS na musayar tesorus tsakanin manhajoji, wanda W3C, hukumar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a 2009. A duba jerin haruffa da ido bayan fitarwa, don wasu manhajoji kan jefa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ can bayan z. A ajiye kwafi a kile USB da kuma a takarda, saboda ranar da intanet ta yanke.

Masu wasan ba sa daina ƙirƙiro sabbin dabaru da sunaye. A buɗe jerin kalmomin jira, kuma kada sabuwa ta shiga tesorus sai ta bayyana a takardu uku daban-daban. Idan an sauya zaɓaɓɓiyar kalma, a rubuta ranar sauyin, a bar tsohuwar da alamar EM, sannan a koma kan duk takardun da aka liƙa mata a gyara su.