Yadda za ka ba yara labarin Perpetua a Sande Skul ba tare da ƙarin gishiri ba

Ranar da na fara ba da labarin Perpetua, matar nan da Romawa suka tsare suka kashe saboda ita Kirista ce, na ce wa yara wai zaki ne ya cinye ta, da aka tashi wata Mama ta ja ni gefe ta ce Malam, saniya ce fa aka sakar mata. Kunya kamar in nutse. Tun daga nan na canza tsari.

Da farko dai ka gaya musu ina ne da yaushe, Kartaj ce, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, shekara ta 203 lokacin mulkin Romawa, kuma shekarunta wajen 22 ne kawai ga jariri tana shayarwa.

Sannan ka zo aji da tulu ko buta, wannan shi ne ya fi yi mini aiki. Da babanta ya matsa mata ta janye daga bangaskiyarta, tulu ta nuna masa ta ce ko za a iya kiransa da wani suna daban, ya ce a'a, ta ce to ni ma haka, Kirista ce ni. Ka ɗaga butar ka tambayi yaran ko kujera ce, za su yi ta dariya amma sun gane. Kar dai ka mai da baban mugu, tsoho ne da hankalinsa ya tashi, har hannuwanta ya sumbata yana kuka yana cewa ta tausaya wa furfurarsa, ni a nan muryata ke rawa kullum.

Abin da ya kamata ka rarrabe shi ne wa ke magana. Zaman kurkuku ita ta rubuta da kanta, tsanin tagulla da macijin da ta taka wa kai kuwa mafarki ne kuma haka za ka faɗa, kar yaro ya tafi gida da cewa ta yi dambe da maciji. Ranar mutuwar wani ne daban ya ƙarasa rubutawa.

Kar ka manta Felicity da aka tsare su tare, baiwa ce mai cikin wata 8, dokar Romawa ta hana kashe mai ciki, ta haihu 'ya mace a kurkuku 'yan kwanaki kafin ranar, wata 'yar'uwa cikin masu bi ta ɗauki jaririyar.

Zancen takobi kuma, wato da shi aka ƙarasa su bayan saniyar, in yaran ƙanana ne ka ce an kashe su kawai ka wuce. In za ka iya ka ajiye darasin zuwa Lahadin da ta fi kusa da 7 ga Maris, ranar tunawa da su ke nan.