Yadda Ake Fito da Hoton da Ya Ɓuya a Fim ɗin da Bai Sha Haske Ba

Wannan hanya ta fito ne daga hannun Barbara Askins, masaniyar sinadarai da ta yi aiki a cibiyar Marshall ta hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da ke Huntsville a jihar Alabama ta Amurka, wadda ta samu takardar mallakar fasahar a 1978. Tushen aikin shi ne, fim ɗin da haske bai ishe shi ba yana ɗauke da 'yan ƙwayoyin azurfa da ido ba ya iya gani, amma hoton yana nan a cikinsu. Ba aikin gida ba ne, sai a ɗakin bincike mai lasisin riƙe kayan nukiliya.

Matakin farko shi ne wanke fim ɗin da ruwa, kuma a nan ne na ga masu koyo suna faɗuwa. Suna ganin tunda an riga an wanke hoton tuntuni, kurkurawa ɗaya ta wadatar. Ba ta wadatar ba, domin duk wani ragowar maganin fiksa (maganin da ke tabbatar da hoto a kan fim lokacin wanke shi), ko hazo, ko shatin yatsa, wannan hanya za ta ƙara masa ƙarfi kamar yadda take ƙara wa hoton. Na taɓa ganin fim da aka jira kwanaki, da aka fito da shi sai ga zanen babban yatsa ya rufe tsakiyarsa. A wanke shi da ruwa tsaftatacce, a maimaita, kuma kada a kama shi sai ta gefe.

Bayan haka sai a tsoma shi cikin ruwan sinadarin tiyoyuriya mai ɗauke da farar wuta nau'in 35, wadda ke fitar da burbushin nukiliya da ake kira beta, wanda ke barin tabo a sabon fim kamar yadda haske ke yi. Farar wutar za ta haɗu da azurfar hoton ta zauna a kanta. A sake kurkurawa sosai don fitar da abin da bai kama ba, sannan a bar shi ya bushe ƙarau.

A ɗakin duhu, a haɗa shi fuska da fuska da sabon fim, na fi son na hoton ƙashi, a matse su sosai, domin burbushin ba ya tafiya nesa, kuma 'yar tazara tana dusar da hoton. A fara da gwaji na 'yan awanni kafin a tsawaita. Sinadarin yana da tsada, kuma rabin ƙarfinsa yana tafiya duk bayan kwana 87, saboda haka kada a saya da yawa a ajiye. Bayan lokacin ya cika, sai a raba fina-finan biyu, a wanke sabon fim ɗin yadda aka saba, a adana na asalin tare da kayan nukiliya.