Darasi na 7: Lambun irin kakanni da bazara

Iyayena maza da mata, yau karatunmu a lambu yake, wannan ɗan lambun namu na bayan aji nan garin Mai Wurno na ƙasar Sudan da muke noma da gayya, abin da Larabawan nan ke ce ma nafir. Babu mai albashi a ciki, kowa ranar da ya samu hali ya zo da fartanyarsa.

A fara da ƙarfi, kowa ya maimaita sannan ya rubuta: iri, taki, fangali, tsiro, kuɓewa. Dan Allah a kula da ɓ ɗin kuɓewa, tana da lanƙwasa a ka, da yawanku kuna barinta tsirara.

Me yasa muke ce masa lambun irin kakanni? Toh kun san bayan yaƙin Burmi a 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya taho da jama'a gabas har suka zauna nan bakin kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, kusa da garin Sinnar. Miyar da suka saba da ita bata bar tukunyarmu ba har yau, shi yasa abin da muka shuka duk irin gida ne da tsofaffi suka kwance daga ƙullin zani, ba na leda na kanti ba, akwai kuɓewa da yakuwa wadda nan ake ce ma karkade, da lalo wato mulukiya, da rama da wake, ga zogale a bakin shinge.

Yanzu watan Mayu ne, zafi ya wuce digiri 40, damina kuwa sai wajen Yuni zuwa Yuli take kankama. Cikin fangali 6 da muka ja, 4 sun yi kore shar. Lalo har an tsinki na farko. Biyun da suka ƙi na wake ne, kuma laifinmu ne wallahi, irin ya kwana biyu a gwangwani babu toka, da Inna ta zuba shi a tafin hannu sai ga ƙananan huda a jikin kowane ƙwaya da gari-gari a ƙasan gwangwanin, ƙwari sun cinye cikin tas, mu kuma muka shuka haka nan don ganin ido.

Don haka kafin ki shuka komai, Inna, gwada shi. Ɗauki ƙwaya 10, naɗe a tsumma mai laima, ajiye a inuwa gindin randa, kar ki bari ya bushe. Bayan mako guda ki buɗe ki ƙirga. In 8 sun tsiro irin nan lafiya lau, in 3 ne kawai ki nemi wani wajen maƙwabta tun da sauran lokaci. Kuɓewa fatarta da tauri, a jiƙa ta kwana ɗaya a ruwa kafin a sa ƙasa, tafi saurin fitowa.

Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, na tsakar rana asara ne rana ke shanye shi. A zuba a gindi, sannan a rufe ƙasan da busasshiyar ciyawa ko karan dawa, Baba da ya yi wa fangalinsa haka jiya na tura yatsa ƙarƙashi da azahar na ji sanyi, na kusa da shi da ba a rufe ba ya tsage kamar gwiwar raƙumi. Taki kuma sai wanda ya ruɓe, ɗanyen kashin awaki ƙona tsiro yake. In habub ta taso da ƙura, washegari a yayyafa wa ganye ruwa a duba shinge, don awakin unguwa ƙofa ɗaya suke jira.

Gero da dawa kar a yi garaje da yayyafin farko, a bari ƙasa ta jiƙu sosai tukuna.

Aikin gida: fangali ɗaya yana shan bokiti 3 da safe, 2 da yamma. Fangali 4 bokiti nawa ke nan a rana? Sannan kowa ya tambayi tsohuwar gidansu sunan iri ɗaya da take ajiyewa, da inda ta samo shi, ya rubuto mana a layi biyu ranar Asabar.