Yadda ake zaɓen shehi da riƙe wuridi a zaman Legas

A Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, da an yi la'asar ranar Juma'a za ka ji hailala tana tashi daga wasu masallatai har rana ta faɗi. A nan ne da yawa daga cikin matasanmu 'yan ci-rani, masu gadi da 'yan dako da 'yan gwari da mahautan Oko-Oba, suke fara sha'awar karɓar ɗariƙa. Niyya ce ta alheri. Sai dai a gida mutum yana da uba da malamin unguwa masu ce masa je wurin wane, yi nesa da wane. A Ikko kuwa shi kaɗai yake yanke shawara, cikin mutanen da bai san asalinsu ba.

Ka fara sanin aikin shehi kafin ka nemi shehin. Shi ne yake laƙƙana maka wuridi da izinin da shi ma ya karɓa daga wani, sannan ya sa ido a kan cututtukan zuciyarka, irin su riya da hassada da girman kai da kwaɗayi, waɗanda mai su ba ya ganinsu a jikinsa. Ba shi zai ɗauke maka neman ilimin farilla ba. Wanda bai iya wankan janaba da ƙabli da ba'adi ba, ya fara zama gaban malami ya karanta Ahalari da Ishmawi, don wuridi nafila ne da mutum yake ɗora wa kansa, salla kuwa Allah ne ya ɗora. Shehin kirki da kansa zai tambaye ka inda karatunka ya tsaya.

Galibi wanda za ka samu a zawiyar unguwa, inda 'yan ɗariƙa suke taruwa don zikiri, muƙaddami ne, wato wanda aka yi wa izinin ba da wuridi. Wannan ya isa a karɓa a hannunsa. Amma ba kowane muƙaddami ne shehin tarbiyya ba, kuma na gaskiya ba ya jin kunyar cewa, "Wannan ya fi ƙarfina, bari in haɗa ka da shehina."

Kada ka yi gaggawar miƙa hannu. Ka yi watanni kana sallar jam'i a masallacinsa, kana zama a gefe. Duba ko ana ganinsa a sahun asuba. Duba abin da yake ci da shi: koyarwa ce, kasuwanci ne, ko kuwa aljihun almajirai ya dogara a kai. Lura da fuskarsa sa'ad da ɗan dako ya durƙusa gaishe shi da gumi a jikinsa, ka kwatanta da sa'ad da alhajin canji ya fito daga mota. Duba ko yana keɓewa da matan da ba muharramansa ba. Abin da ya fi duka nuna gaskiya shi ne tsofaffin almajiransa. In waɗanda suka shekara goma tare da shi suna biyan bashi, suna cika mudu, matansu ba sa kuka da su, to akwai tarbiyya a gidan. In kuwa ba abin da suka ƙware a kai sai zagin almajiran wani shehi, ka ɗauki takalminka.

Sannan ka tambayi sanadi, wato jerin malaman da izinin ya biyo ta hannunsu, cikin ladabi: "Allah ya gafarta Malam, a hannun wa aka karɓa?" Ba rashin kunya ba ne. Batijjane zai lissafa maka sunaye har zuwa Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, kuma da yawa a ƙasar nan sanadinsu ya bi ta Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975. Baƙadire zai kai ka ga Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, sau da yawa ta gidan Shehu Nasiru Kabara na Kano, ko ta Sakkwato, tunda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne. Da ka ji sunan wanda ya yi masa izini, buga waya Kano ko Zariya ko duk garin da ya ambata, ka sa a bincika maka. Wanda ya fusata don an tambaye shi sanadi, ko ya ce a mafarki kaɗai aka ba shi, ba a karɓa a wurinsa. Bayan binciken sai ka yi istihara.

Ranar karɓa, ka nemi a karanta maka sharuɗɗa da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. A Tijjaniyya manyansu su ne kiyaye salloli biyar a jam'i gwargwadon iko, biyayya ga iyaye, rashin haɗa wuridin da na wata ɗariƙa, barin ziyarar waliyyan da ba na ɗariƙar ba don neman madadi, wato taimakon ruhi, da alkawarin riƙewa har mutuwa. Alkawari ne mai nauyi, wanda bai shirya ba ya dakata, babu zunubi a kansa.

Abin da za ka ɗauka a Tijjaniyya kashi uku ne. Lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, kai kaɗai, a asirce. Wazifa sau ɗaya a yini, a jam'i in akwai 'yan'uwa kusa: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Sai zikirin Juma'a, tsakanin la'asar da faɗuwar rana. Wuridin Ƙadiriyya kuwa yana bambanta daga gida zuwa gida, don haka ka rubuta adadin daga bakin muƙaddaminka, kada ka kwafo na wani.

A nan ne zaman Legas yake gwada mutum. Wanda zai fita tun duhu don ya riga cunkoso, ya dawo bayan isha a gajiye, in bai tsara lokaci ba cikin wata guda bashin wuridi zai taru masa. Ga sauƙin da malaman Tijjaniyya suka bayyana. Lazimin safe lokacinsa na zaɓi daga bayan asuba ne zuwa hantsi, mai uzuri kuma yana da dama har magariba. Na yamma daga bayan la'asar zuwa isha, mai uzuri har fitowar alfijir. An kuma yarda a gabatar da na safe cikin dare, bayan isha da gwargwadon karatun izu biyar, wanda wannan ya dace da mai gadi da direban da zai kama hanya da sassafe. In alfijir ya keto kana ciki, ka ƙarasa, ka sake bayan salla. Lazimi yana son alwala da tsarkin tufa da wuri, ba magana, ba ci, ba sha. Jauhara ba a karanta ta da taimama ko a wurin da ba a tabbatar da tsarkinsa ba, don haka wanda wazifa ta riske shi a rumfar kasuwa mai dagwalo sai ya sa Salatul Fatihi 20 a madadinta. In ka rikice a ƙirga, ka gina a kan ƙaramin adadi, in ka gama ka yi istigfari 100 da niyyar gyara. Lazimi da wazifa ana rama su, zikirin Juma'a ba a ramawa. Mara lafiya da mai haila suna da zaɓi, su yi wuridin ko su bari.

Zuwa da kai ya fi aike. Karatun da ake turowa ta WhatsApp yana da amfani, amma shehin da bai san fuskarka ba ba zai gane ranar da ka fara lalacewa ba. Ka riƙa zuwa ko da sau ɗaya a mako, kuma ka faɗi gaskiyar halinka: asuba tana wuce ni, ina saurin hannu a gida, na fara tauye awo. Muridai da yawa mafarki kawai suke kaiwa, su ɓoye waɗannan, alhali nan ne maganin yake.

Hadiyya kyauta ce, ba haraji ba. Kada ka taɓa kuɗin cefane ko wanda za ka tura wa mahaifiya don ka burge a zawiya. Duk wanda ya yanka maka farashin wuridi, ko ya ce kawo kaza in buɗe maka kasuwa, sana'ar tsibbu yake yi da rigar shehi. Biyayya ma tana da iyaka: ba a bin kowa a saɓon Allah, kuma duk wanda ya ce ya kai matsayin da salla ta faɗi a kansa, a bar shi nan take. Mace ta karɓa da sanin mijinta ko waliyyinta, a gaban mutane.

Abin da ya fi ba da tausayi shi ne saurayin da ya tsinci wani suna ko sirri na zikiri a intanet, ya kama jan dubbai cikin dare ba izini, ba barci, ba abinci, ga aikin ƙarfi da rana. Bayan 'yan makonni sai ya fara jin muryoyi, abokan ɗakinsa su ce an yi masa buɗi. Ku sanar da shehinsa a dakatar da ƙarin, ya ci, ya yi barci, in abin bai lafa ba a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ba tare da jin kunya ba. Halwa da tarbiyya ba a shiga su sai ƙarƙashin wanda yake ganinka kullum.

In ci-rani ya ƙare za ka koma gida, ko muƙaddaminka ya rasu, izininka yana nan. Ka nemi a haɗa ka da zawiyar garinku don wazifa. Wanda kasala ta sa ya tara bashi, ramawa kawai zai yi. Wanda kuwa ya ajiye wuridin da niyyar bari, sai ya tuba ya je a sabunta masa izini kafin ya ci gaba.